Kasuwar ilimi ta cikin waya: me Kwali za ta kai?

Duk mai duba WhatsApp a 'yan shekarun nan ya saba da irin tallan nan: hoton matashi cikin kwat ko shadda mai maiƙo, ya harɗe hannuwa a ƙirji, a ƙasansa an rubuta cewa zai koya maka yadda za ka riƙa samun kuɗi da wayarka kana zaune a ɗaki. Tallan ya game ƙasa, kuma bai tsallake Kwali ba. A nan ma, kamar Gwagwalada da Abaji da suka sa ta a tsakiya a kan titin Abuja zuwa Lokoja, akwai matasa birjik da suka gama sakandare ko jami'a, takarda na cikin jaka, aiki babu, waya kuwa tana hannu dare da rana. Su ake yi wa wannan kira, su ne kuma ke amsawa.

Sana'ar da ake kiran su gare ta sana'a ce ta gaske, kuma ina goyon bayanta. Mutum ya tattara abin da ya sani, ya mayar da shi littafin PDF, ko jerin darussa na bidiyo, ko saƙonnin murya, ko ya buɗe zauren da sai an biya ake shiga, sannan ya sayar. Wahalarta a farko take. Idan an gama haɗa kayan, kwafi na ɗaya da kwafi na dubu duk kuɗinsu ɗaya ga mai shi, wato babu. Ba hayar shago, ba kuɗin mota zuwa kasuwa, ba kayan da za su ruɓe idan ba a saya ba. Hanyar karɓar kuɗi ma ta yi sauƙi. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa mai shayi da mai tumatir buɗe asusun OPay ko Moniepoint, yanzu tura kuɗi ta waya ya zama ruwan dare har a ƙauye. Akwai kuma dandali irin su Selar, wanda Douglas Kendyson ya kafa a 2016, inda ɗan Najeriya zai ɗora littafinsa, mai saye ya biya da naira, kayan su isa gare shi nan take. Ƙofa dai a buɗe take. Damuwata tana kan abin da muke ɗauka mu shiga da shi.

Bari mu dubi yadda ake ƙaddamar da yawancin waɗannan kaya. Ana farawa da kati mai launi: aji kyauta na kwana uku, danna nan ka shiga. Ka danna, sai ka tsinci kanka a zaure da mutane ɗaruruwa, an rufe bakin kowa sai na mai zaure. Daren farko zai ba da labarin talaucin da ya sha. Dare na biyu zai jero hotunan alat na banki, kuɗi na shigowa. Dare na uku ake faɗin farashi: asalin kwas ɗin, a ce, naira 20,000 ne, amma wanda ya biya kafin sha biyun dare 5,000 kawai zai bayar, kuma gurbi ya kusa ƙarewa. Nan take masu turo risit su fara, wasunsu abokan mai zauren ne da aka shirya da su. Yaro ya ga kamar jirgi zai tashi ya bar shi, ya ranto kuɗi wurin yayarsa ya tura.

Wane gurbi ne zai ƙare a fayil ɗin da za a iya kwafa sau miliyan? Ƙarya ce tsagwaronta, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da haramcin algus da yaudara a ciniki. Shigowar waya bai sauya hukuncin ba. Amma abin da ya fi wannan ciwo shi ne abin da yaron zai tarar idan ya buɗe kayan. Sau da yawa darasin bai wuce yadda shi ma zai haɗa nasa katin, ya buɗe nasa zauren, ya sayar wa na bayansa wannan darasi ba. Kuɗi na zagayawa daga aljihun marasa aiki zuwa aljihun wanda ya riga su shiga, babu buhun masara ɗaya da ya ƙaru a duniya. Ban ce daidai yake da damfarar zuba jari irin ta MMM da ta tafi da kuɗin jama'a a ƙarshen 2016, ko CBEX da ta rufta a Afrilun 2025 ba, domin a nan aƙalla ana miƙa maka wani abu. Sai dai yunwa ɗaya suke ci: ta son a samu da wuri ba tare da an iya komai ba. Kuma duk wanda aka cuta sau ɗaya, gobe idan mai kaya na ƙwarai ya zo, ba zai saurare shi ba. Masu wannan hali suna ɓata kasuwar da ba su gina ba.

Abin mamaki, garin da ake wannan a cikinsa yana da amsar matsalar a tarihinsa, amsar kuma tana bayan takardar naira 20. Matar nan da ke sunkuye a kan tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa a wannan gari wajajen 1925. Ba ta yi boko ba. Ginin tukwane ta koya tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda matan Gbagyi ke gadar sana'ar. Takan ɗora dunƙulen yumɓu, ta buɗe cikinsa da hannu, ta riƙa jan bangon sama tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu zobe bisa zobe, ita ce ke zagaya tukunyar da ƙafa, tukunyar na tsaye wuri ɗaya. Tun jikin da ɗanyensa take zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi, tana raba su da layuka, sannan a gasa a fili da busasshiyar ciyawa da itace. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, a can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An baje kolin aikinta a Landan, ta je Ingila a 1962 tana gina tukunya a gaban jama'a, ta zagaya Amurka a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta samu babbar lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1980, ta rasu a Minna a 1984. Yau aikinta na ajiye a gidajen tarihi irin su Victoria and Albert da ke Landan.

Abubuwa uku nake so mai sha'awar wannan sana'a ya lura da su a labarinta, na farkon kuma shi ne uwa. Kafin sarki ya saya, kafin Bature ya gani, ta riga ta iya. Shekaru ta yi tana gina tulun da matan ƙauye ke zuba ruwa, waɗanda idan ya yi yoyo gobe za su dawo da shi ƙofar gidanta. Ba wanda ya ƙaddamar da ita da kati mai launi. Aiki ne ya ja mutane. Na biyu, da aka sauya hanyar aikin sai mai saye ma ya sauya. A cibiyar Suleja an riƙa shafa wa tulunanta sinadarin sheƙi ana gasa su a murhu mai tsananin zafi. Suka yi kyau, suka yi ƙarko, amma suka yi nauyi, kuma suka daina sanyaya ruwa, tunda jikin tulu sai yana tsatsafowa yake sanyayawa. Daga nan suka tashi daga kayan ɗakin girki suka koma kayan ado na masu hali. Duk mai shirin ɗauko ilimin gargajiya ya zuba shi a waya dole ya tambayi kansa wannan: idan na sauya masa mazubi, wa zai amfana da shi, wa kuma zai faɗi daga layi? Na uku, tana buga tambarin sunanta, LK, a jikin aikinta. Matan da suka gina tukwane a ƙasar Gbagyi ba su ƙirguwa, wasunsu ƙila sun kai ta iyawa, amma wadda sunanta ke manne da aikinta ita duniya ta sani.

To me Kwali take da shi yau da ya cancanci a sayar? Da yawa, sai dai ba a hannun masu wayar yake ba. Yana wurin dattijon da ya san yadda ake zaɓen irin doya da yanka shi, da yadda ake ajiye ta a rumbu ta kai bazara ba ta ruɓe ba. Yana wurin matar da ta shekara ashirin tana kiwon kaji ta san alamar cuta tun kafin kaza ta sunkuyar da kai. Yana wurin maginiyar da ta san ramin da yumɓunsa ba ya tsagewa a wuta, da bakanike da ya san ciwon injin ban-ruwa daga jin ƙararsa, da malamin makarantar da ya san daidai inda yara ke tuntuɓe a lissafin jarrabawar WAEC. Waɗannan mutane ba sa kallon kansu a matsayin masu hajar sayarwa. Shi kuma matashin da ya iya ɗaukar bidiyo da tace shi da tallata shi, yana wuce su kullum a hanya, yana neman abin sayarwa a zauren wani da bai taɓa gani ba.

Ga kuma wata baiwa da ƙananan hukumomi kaɗan ne a Najeriya ke da irinta. A Sheda, cikin yankin Kwali, akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, akwai cibiyar binciken kimiyya da fasaha ta SHESTCO, akwai hedikwatar NERDC mai tsara manhajar karatun makarantun ƙasar nan, akwai kuma hukumar kula da ingancin irin shuka ta ƙasa, NASC. Wannan ta ƙarshe har ta fito da tsarin da manomi zai kankare tambari a jikin ledar iri, ya tura lambar ta waya, a gaya masa ko na gaske ne ko jabu. Tsari ne mai amfani ƙwarai, amma amfaninsa ya tsaya kan manomi ya san da shi. Bidiyon minti biyu da Hausa ko Gbagyi, wanda ke nuna hannu na kankare tambarin da amsar da ke dawowa, zai iya tsare wa mutum asarar damina guda. Ilimi na cikin rahotannin Turanci a bayan katanga, mabuƙatansa na noma a jikin katangar. Mai neman abin da zai haɗa ya sayar, ga shi nan a ƙofar gida.

Sai dai a kula da sifar da za a ba kayan. Masu koyar da wannan sana'a sun ɗauko tsarinsu daga inda mutane ke karanta dogon rubutu a kwamfuta, shi ya sa kullum maganarsu littafi ce mai shafi hamsin. Mu al'ummar kunne ce. Sashen Hausa na BBC yana watsa shiri tun 1957, tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ta rediyon Kaduna ya shiga gidaje, karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam sun bi kaset, suka koma faifai, suka koma katin waya, har yau ana sauraron su. Manomin Yangoji ko Dafa a nan yankin Kwali da zai yi wuya ya zauna karanta PDF zai saurari saƙon murya na minti biyar yana kan babur ɗinsa ko yana hutawa a gindin bishiya. Ladi kanta ba da rubutu ta koyar ba, da hannu ta nuna, mutanen da ba su jin yarenta suka fahimta. Sannan a tuna da kuɗin data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Bidiyon awa guda mai nauyi, mai saye zai biya shi sau biyu ne: sau ɗaya gare ka, sau ɗaya ga kamfanin waya. Gajere, mara nauyi, wanda za a sauke sau ɗaya a riƙa kallo ko babu sabis, shi ne ya dace da mu.

Yanzu ga babbar tambayar da duk mai hankali zai yi: idan na sayar wa mutum ɗaya, me zai hana shi tura wa mutum ɗari? Babu. Gara a faɗi gaskiya tun yanzu. Masu shirya finafinan Kano sun ɗanɗana wannan. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe masana'antar ta durƙushe, 'yan dawunlodin suka maye gurbinta: ka miƙa wayarka da 'yan canji a cika maka ita da finafinai da waƙoƙi, kuɗin ya tsaya a teburin mai turawa. Wannan ya nuna mutanenmu sun daɗe suna biyan kuɗi don kayan cikin waya. Wanda ya yi wahalar ne kuɗin ba ya kaiwa gare shi. Marubutan littattafan Hausa na intanet, waɗanda yawancinsu mata ne, su ma suna fama. Sukan saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya a sa shi a zaure, kuma kusan kowace takan rubuta gargaɗi da Allah ya isa ga wanda ya fitar mata da littafi. Duk da haka ana fitarwa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata daga shafukan intanet, kuma ci gaba ne. Amma ba ta da idon da zai ga abin da ke wucewa daga waya zuwa waya a majalisar bakin titi.

Masu fim da suka farfaɗo sun yi haka ne da suka daina kokawa da turawa. Shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina sun koma YouTube da talabijin, kallo kyauta, kuɗi ya fito ta talla. Mai sayar da ilimi yana da wata mafitar da ta fi wannan ƙarfi. Fayil ana tura shi, malami ba a tura shi. Wanda ya samu darasin kiwon kaji ta bayan fage ya samu bayani, amma ranar da kajinsa suka fara mutuwa da tsakar dare ba shi da wanda zai aika wa hoto ya tambaya. Wanda ya biya yana da shi. Don haka abin da ya kamata a sa wa farashi shi ne damar tambaya a amsa, da duba aikin ɗalibi, da haɗuwa ido da ido sau ɗaya a wata a gona ko a wurin gini. Fayil ɗin da ya yi yawo kuwa, idan sunan mai shi da lambarsa na jikinsa tun daga farko har ƙarshe, ya zama talla. Kuma kowa ya riƙe sunayen masu sayensa a wurinsa, da yardarsu. Okadabooks, dandalin sayar da littattafai da Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 wanda marubutan Hausa da dama suka dogara da shi, ya rufe a Nuwamban 2023. Wanda duk kasuwarsa ke cikin rumfar wani, ranar da aka rushe rumfar sai ya faro daga tushe.

Ƙaddamarwa ta gaskiya ba ta buƙatar ganga. A nemi mutum goma ko ashirin masu wannan matsala, a ba su darasin a farashi mai sauƙi, a bi su a ga ko ya yi aiki. Inda suka rikice a gyara. Idan doyar ɗaya daga cikinsu ta kai bazara lafiya, shi zai faɗa a masallaci da coci da tasha, kuma maganarsa ta fi hoton alat ɗari. A faɗi farashi ɗaya a tsaya a kansa, a faɗi abin da darasin ba zai yi ba, wanda bai gamsu ba a mayar masa da kuɗinsa. Hanya ce mai jinkiri, amma a gari irin Kwali inda kowa ya san gidan su kowa, ita kaɗai ce mai ɗorewa.

Wani zai ce manomi ba shi da kuɗin sayen darasi. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba dole mai amfani ya zama shi ne mai biya ba. Ƙungiyar manoma za ta iya saya wa membobinta, dillalin iri ko taki zai iya ɗaukar nauyi don sunansa ya fito, makaranta za ta iya biya wa ɗalibanta. Darasin ginin tukwane kuma masu sayensa suna cikin birnin Abuja da Legas da ƙasashen waje, inda sunan Ladi Kwali ya riga ya share hanya.

A nan ne kuma nake jin tsoro. Da zarar an gane akwai kuɗi a hannun tsohuwar maginiya, za a zo da kyamara, a ba ta kuɗin goro, a ɗauki sirrin sana'arta a tafi, ta ci gaba da zama a inda take: kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Wannan zalunci ne ko da ɗan cikinta ne ya yi shi. Ilimin nata ne, na iyayenta mata da suka gadar mata. A yi mata bayani da yarenta inda bidiyon zai je da wanda zai gani. Abin da ta ce ba a ɗauka, a bar shi. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu da mai unguwa: kason kowa daga kowane ciniki, ba sallama ta rana ɗaya ba, kuma sunanta ya fito a gaba da na mai kyamara. Tun ran gini tun ran zane. Matashin da ya tsallake wannan mataki bai fi mai zauren kwana uku ba, ya dai sauya wanda yake cuta ne.

Gwamnatin tarayya na da shirin 3MTT da ta fara a 2023 don horar da matasa miliyan uku fasahar zamani, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ma na gudanar da horo iri-iri. Yana da kyau, amma horo yana koyar da riƙe kayan aiki ne, ba ya ba ka abin da za ka faɗa. Wannan sai a gida. Ina kira ga majalisar yankin Kwali ta ware ɗaki ɗaya mai wuta da shiru da makirufo mai kyau, inda matasa za su riƙa naɗar darasi, ta kuma samar da takardar yarjejeniya mai sauƙi da Hausa da Gbagyi da Turanci. Cibiyoyin Sheda su ba matasan yankin dama su mayar da binciken da aka gama zuwa gajerun darussa, masanan cibiyar su duba kafin a saki. Kai kuma matashi, kafin ka tura wa wani 5,000 don ya koya maka sayar da iska, zagaya unguwarku ka nemo mutum ɗaya da ya iya abin da mutane ke zuwa tambayarsa. Ka gaishe shi, ka zauna, ka nemi izininsa, ku yanke kason kowa, sannan ka kunna kyamara.